Babi na Bakwai: Nawa Jikin Matashi Zai Iya Ɗauka?

A kakar wasa ta 2020 zuwa 2021, Pedri ya buga wasanni 73 yana ɗan shekara 18. Daga Las Palmas ya zo Barcelona, ana tsammanin zai ɗan jima a benci yana koyon gari, sai ga shi ya zama ɗan wasan tsakiyar da koci ba ya iya ajiyewa. Da kaka ta ƙare bai samu hutu ba. Ya bi tawagar Sifaniya zuwa gasar ƙasashen Turai, ya buga kusan kowane minti har wasan kusa da na ƙarshe, daga nan aka wuce da shi Tokyo gasar Olamfik, inda suka kai wasan ƙarshe a watan Agusta. A tsakiyar Satumba, a karawar Barcelona da Bayern Munich, ya ji rauni a tsokar cinya. Ya dawo da wuri, ciwon ya sake tashi, bai ƙara taka leda ba sai Janairu. Yaron da ya buga wasanni 37 na La Liga a kakarsa ta farko, 12 kacal ya samu bugawa a ta biyu. Masu sharhi duk suka yi ittifaƙi cewa an ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma da gaskiyarsu. Sai dai rabin maganar ke nan. A duk ƙungiyar da ke da Pedri ɗaya, akwai samari tsaransa da dama da ke zaune a benci mako bayan mako, jikinsu na yin sanyi don rashin aiki, kuma babu jaridar da ke buga labarinsu. Ranar da aka bukaci ɗayansu ya shiga fili ya yi minti 90, shi ma gadon jinya ke jiran sa, ta wata hanyar dabam.

Hujjar da wannan babi ke son kafawa ita ce, ƙarfin jikin matashin ɗan ƙwallo ba ya bin yawan aikin da aka rubuta masa a takardar koci. Abin da yake bi shi ne irin tasirin da aikin ya yi a cikin jikinsa shi kaɗai, da yadda aka hau da nauyin, a hankali ko a fizge, da kuma hutun da aka bar masa tsakanin wannan wahala da mai bi mata. Maganar tana da sauƙin faɗa. Wuyarta tana wajen aiki da ita, domin kusan duk wanda ke da iko a kan matashin, daga koci zuwa hukumar ƙwallon ƙasarsa har shi kansa, yana da dalilin kau da kai daga gare ta.

Tushen fahimtar ya daɗe. A 1975 wani masanin motsa jiki a Kanada, Eric Banister, da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi da har yau ake koyar da shi. Suka ce kowane atisaye yana barin abu biyu a jiki, ƙarfi da gajiya. Gajiyar ta fi yawa da farko, amma tana saurin washewa. Ƙarfin kaɗan ne, amma yana jimawa, kuma yana taruwa a kan na jiya. Abin da 'yan kallo ke gani a fili ranar Asabar shi ne ragowar ƙarfin bayan an debe gajiya. Wannan ya sa ɗan wasa na iya kasancewa ya fi kowa shan atisaye a makon, amma ya fi kowa nauyin ƙafa ranar wasa. Haka kuma ya nuna cewa ba a filin atisaye jiki ke ginuwa ba. A can ana yi masa ɓarna ce da gangan: tsoka na samun ƙananan tsagewa, abincin da ta ajiye na ƙarewa. Gyaran na zuwa ne daga baya, cikin barci da cin abinci, kuma jiki kan gyara har ya ɗan zarce inda yake a da. Manomi ya san wannan a kan takin zamani: idan ya yi kaɗan shuka ta tsumbure, idan ya yi yawa ko aka zuba shi babu ruwa sai ya ƙone ta, kuma mudun da ya dace da wannan gona ba lallai ya dace da ta maƙwabci ba.

To, ta yaya ake auna nauyin? Masana sun raba shi gida biyu, kuma a wannan rabon ne yawancin kurakurai ke ɓuya. Akwai nauyin waje, wato aikin da aka yi: kilomita nawa aka gudu, sau nawa aka zabura, sau nawa aka ja birki aka juya. Shi ne abin da 'yar ƙaramar rigar nan mai kama da shimi ke aunawa, wadda ake gani a jikin 'yan wasa da na'urar GPS a tsakanin kafaɗu, wadda aka halatta sawa a wasannin gasa tun 2015. Akwai kuma nauyin ciki, wato abin da aikin ya ci wa jiki: yadda zuciya ta buga, yadda numfashi ya sarƙe, yadda ƙafa ta yi nauyi. Samari biyu na iya gudun kilomita takwas kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya tashi kamar bai yi komai ba, ɗayan kuwa ya kwana yana juyi. Nauyin wajensu ɗaya ne, na cikin ya bambanta, kuma na cikin ne ke sa jiki ya canza. Wani Ba'amurke, Carl Foster, ya yaɗa wata hanya mai arha ta auna shi. Kamar rabin awa bayan an tashi, a tambayi ɗan wasa yadda ya ji wahalar atisayen, daga sifili zuwa goma, sai a ninka amsar da mintocin da aka yi. Wanda ya ce shida bayan minti 90, nauyinsa na ranar 540 ke nan. A 2004 Franco Impellizzeri da abokansa a Italiya suka gwada hanyar a kan matasan 'yan ƙwallo, suka ga tana tafiya daidai gwargwado da abin da na'urar auna bugun zuciya ke nunawa. Shekara goma bayan haka Michel Brink a Holan ya kwatanta abin da kociyoyin matasa suka yi niyya da abin da 'yan wasansu suka ji. Sai aka ga yaran na jin atisayen ya fi wuya fiye da yadda koci ya nufa, kuma sababbin shiga ajin sun fi jin jiki. Koci na ganin ya ba da ranar sauƙi, yaro kuwa ya sha wuya. Idan aka tara irin wannan ratar tsawon wata goma, ba ƙarama ba ce.

Babu shakka nauyi na gina jiki, kuma bai kamata tsoron rauni ya rufe wannan ba. Binciken da aka fi ambato shi ne na Jan Helgerud da Jan Hoff da abokansu a Trondheim ta ƙasar Norway, wanda ya fito a 2001. Sun ɗauki zaratan matasa 'yan kimanin shekara 18, suka raba su biyu. Kashi ɗaya ya riƙa gudu mai tsanani na minti huɗu, sau huɗu, da sassarfa ta minti uku a tsakani, zuciya na bugawa da kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na iyakarta, sau biyu a mako har mako takwas. A ƙarshe yawan iskar oksijin da jikinsu ke iya aiki da ita ya ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda hakan ya bayyana a wasa: nisan da suke gudu ya ƙaru da kashi 20, zaburarsu ta ninka, taɓa ƙwallonsu ma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ɗayan kashin, da ya ci gaba da atisayen da aka saba, bai motsa daga inda yake ba. A lura da ƙanƙantar abin: minti 16 na gudu mai zafi, sau biyu a mako. Ba yawan awoyi ya kawo canjin ba, tsananin ne, kuma tsananin da aka auna da zuciyar kowane yaro. Binciken da aka yi daga baya a makarantun horar da matasa na Ingila ya ƙara fito da wannan. Ibrahim Akubat a 2012 ya ga cewa lissafin bugun zuciya da aka daidaita da jikin kowane ɗan wasa ne ya fi bayyana wanda juriyarsa za ta ƙaru cikin mako shida. John Fitzpatrick a 2018 ya sami makamancin haka ta fuskar gudu: lokacin da yaro ya shafe yana gudu sama da ma'aunin saurinsa na kansa ya fi nuna ci gabansa, fiye da ma'auni guda da aka yanka wa kowa da kowa.

Amma ƙarfin jiki ba abu ɗaya ba ne, kuma a nan ne masu ganin kullum ƙari shi ne alheri ke tuntuɓe. Zuciya da huhu suna son aiki, suna jure yawansa. Ƙafa kuwa, wato saurin zabura da tsalle, tana da nata hali. A 2015 Asier Los Arcos da abokansa a Sifaniya suka bi wasu matasan ƙwararru na tsawon mako tara, daga atisayen share fage zuwa farkon kaka. Maimakon tambaya ɗaya, sai suka riƙa yi musu biyu: yaya numfashi ya ji, yaya kuma ƙafafu suka ji. Abin da suka gano shi ne, waɗanda suka tara mintoci mafi yawa, kuma suka fi kukan nauyin ƙafa, su ne tsallensu da zaburarsu suka fi ja da baya. Ma'ana, ana iya gina wa yaro numfashin doki a daidai lokacin da ake cinye masa saurin da aka saye shi dominsa. Wannan asara ce babba idan aka duba inda ƙwallo ta nufa. Wani nazari da aka yi wa gasar Firimiya ta Ingila tsakanin kakar 2006 zuwa 2007 da ta 2012 zuwa 2013 ya nuna cewa jimillar nisan da 'yan wasa ke gudu kusan bai canza ba, amma gudu mai tsanani ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100, yawan zabura kuma da kimanin kashi 85. Tsokar da ke biyan kuɗin wannan canji ita ce ta bayan cinya. Jan Ekstrand, likitan Sweden da ya jagoranci binciken raunuka na hukumar UEFA da aka fara a 2001, ya ruwaito cewa cikin kaka 21 raunin wannan tsoka ya tashi daga kashi 12 zuwa kashi 24 cikin 100 na dukkan raunukan manyan ƙungiyoyin Turai.

A kan wannan sai a ƙara cewa jikin da ake magana a kai bai gama haɗuwa ba. Yawancin yara maza na yin tsawo mafi sauri a wajajen shekara 13 zuwa 15, lokacin da ƙashi ke riga tsoka da jijiya miƙewa, gwiwa da dunduniya su riƙa ciwo. Gemu na iya fitowa, murya ta buɗe, amma wasu wuraren da tsoka ke manne da ƙashin ƙugu ba sa gama ƙwari sai an haura shekara 20. Kuma yara biyu da aka haifa wata ɗaya na iya bambanta da shekaru a girman jiki. Saboda haka ne gasar Firimiya ta fara shirya wa makarantunta wasannin da ake haɗa yara bisa matakin girmansu maimakon shekarar haihuwa, tun 2015. Ga ƙasashen da ke fama da rikicin shekaru kuwa, matsalar ninki biyu ce. FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda aka yi a Najeriya. Galibi ana kallon rage shekaru a matsayin maguɗi kawai, amma yana da wata illar: duk tsarin atisayen da aka gina a kan shekarun ƙarya, an gina shi ne don wani jiki dabam.

Akwai masu ja da wannan duka, kuma ba mutanen banza ba ne. Tsofaffin kociyoyi da tsofaffin 'yan wasa kan ce wahala ba ta kisa, icce kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Pele ya ɗauki kofin duniya a 1958 yana ɗan shekara 17, babu na'ura a bayansa, ya kuma yi shekaru kusan ashirin yana taka leda. Suna ganin an shagwaɓa yaran zamani da alƙaluma. Amsa ta farko ita ce, waɗanda suka tsira kaɗai ake ƙirgawa. Waɗanda gwiwarsu ta lalace suna da shekara 19 ba a gayyatar su gidan talbijin su ba da labarin yadda wahala ta gina su. Ko cikin shahararrun ma akwai abin dubawa. Michael Owen ya girgiza duniya da ƙwallon da ya ci Ajantina a 1998 yana ɗan shekara 18, a Afrilun 1999 tsokar bayan cinyarsa ta yage a filin Leeds, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa raunukan tsoka sun rage masa gudun da aka san shi da shi. Jack Wilshere ya buga wa Arsenal wasanni 49 a kakar 2010 zuwa 2011 yana ɗan shekara 19, kakar da ta biyo baya ko wasan gasa ɗaya bai buga ba saboda tsagewar ƙashi a idon sawu, ya kuma rataye takalmansa yana da shekara 30. Gaskiya ne labarin mutum ɗaya ba ya tabbatar da sanadi, don kowane rauni na da dalilai da yawa, har da tsautsayi. Amma idan za a kafa hujja da Pele, dole a yarda a kafa da Wilshere.

Amsa ta biyu ita ce, tsofaffin suna da rabin gaskiya, kuma rabin nan na da muhimmanci. Binciken Ekstrand ya nuna cewa ƙungiyoyin da suka fi yawan zaman atisaye a lokacin share fage sun fi samun 'yan wasansu lafiya cikin kaka. Tim Gabbett, masani daga Ostareliya, ya yi fice a 2016 da hujjar cewa atisaye mai yawa da aka gina a hankali yana kare ɗan wasa, kuma haɗarin na tattare ne da tsalle daga kaɗan zuwa mai yawa. Wannan ya dawo da mu kan ɗan benci. A makon ƙwararren ɗan wasa babu aikin da ya kai ranar wasa nauyi, musamman ta fuskar gudu mai tsanani. Washegari waɗanda suka buga sukan huta ko su yi ɗan motsi, jibi a shiga shirin wasa na gaba, duk tsarin makon an yanka shi ne don mutum goma sha ɗaya. Matashin da aka sa a minti na 85 ya rasa babban abincin makon, kuma idan ba a rama masa da gudu na musamman ba, bayan wata biyu ba shi ne wanda aka auna a farkon kaka ba. Sai babban ɗan wasa ya ji rauni, a ce masa bismilla, wasa uku cikin kwana takwas. Gregory Dupont ya bi wata ƙungiya mai buga gasar zakarun Turai na kaka biyu, ya wallafa a 2010 cewa 'yan wasan da suka buga sau biyu a mako sun ci gaba da gudu kamar yadda suka saba, amma yawan raunukansu ya ninka kusan sau shida. Abin lura a nan shi ne na'ura ba ta nuna sun gaza ba. Jiki na iya fitar da aikin da aka nema har zuwa ranar da zai karye, kuma tsoka kan ɗauki kwana uku ko fiye kafin ta dawo daidai bayan cikakken wasa.

Irin wannan tsalle yana jiran matashi a kowace mahaɗa ta rayuwarsa: daga ajin matasa zuwa babbar tawaga, daga jinya zuwa fili, daga wata ƙasa zuwa wata. Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa ƙetare kafin ya cika shekara 18, ban da wasu 'yan keɓantattun yanayi, don haka yaran Afirka da yawa kan sauka Turai a daidai wannan shekarar, su tarar da wani sanyi, wani abinci, wani fili, wani saurin wasa, duk a mako ɗaya. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2015 a Chile, ya koma Wolfsburg a farkon 2017, ya yi fama da raunuka da zazzaɓin cizon sauro da zaman benci, ya bar Jamus bai ci ko ɗaya ba. Da aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam a 2018 ya riƙa buga wasa mako bayan mako, sai ya ci 20 a kaka guda. Ba atisaye kaɗai ya bambanta wuraren biyu ba, amma labarin ya isa ya nuna cewa hukuncin da ake yanke wa ɗan shekara 18 a kakarsa ta farko sau da yawa hukunci ne a kan jikin da bai gama sabawa ba.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa ai matsalar ta ƙare, tunda yanzu akwai alƙaluma. Wannan ma a yi hattara da shi. Gabbett ya yaɗa wani lissafi mai sauƙi: a raba nauyin wannan mako da matsakaicin nauyin makonni huɗu, idan amsar ta faɗa tsakanin 0.8 da 1.3 ana cikin aminci, idan ta haura 1.5 an shiga haɗari. Ƙungiyoyi suka rungume shi hannu bibbiyu, kamfanonin na'urori suka saka shi cikin manhajojinsu da launin kore da ja. Sai masana lissafi suka fara tona shi, har Impellizzeri da abokansa suka nuna cewa ko da lambobin boge aka yi rabon, ana samun kusan sakamako iri ɗaya. Gwajin da ya fi kowanne ƙarfi an yi shi ne a Norway, inda Torstein Dalen-Lorentsen ya raba ƙungiyoyin matasa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 'yan wasa sama da 400, kashi ɗaya na tsara atisaye da wannan lissafi tsawon kaka, ɗayan na yin yadda ya saba. Sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna wani bambanci ba a yawan rauni da rashin lafiya. Haka kuma dole a faɗa cewa yawancin bincike-binciken da aka ambata a sama an yi su ne a kan 'yan wasa goma sha wani abu, a ƙungiya ɗaya, na 'yan makonni. Wani zai ce to ai hujjar babin ta rushe ke nan. Ba ta rushe ba. Abin da ya faɗi shi ne mafarkin samun lamba ɗaya da za ta yi wa kowa daidai, kuma wannan mafarkin shi ne ainihin abin da babin ke musantawa. Cewa jiki na bukatar a hau da shi a hankali, likitocin ƙashi sun san haka tun kafin a ƙera GPS, daga tsagewar ƙashin ƙafa da ke kama sababbin kuratan soja idan aka tsunduma su cikin doguwar tafiya. Alƙaluma na taimaka wa koci ya yi tambayar da ta dace. Ba sa ɗauke masa nauyin yanke hukunci.

Saura masu cewa wannan duk zancen masu kuɗi ne, ƙungiyar da ke fama da albashi ina ta ga na'ura. Abubuwan da aka fi tabbatar da amfaninsu su ne mafi arha. A Denmark, gwajin da aka yi da 'yan wasa 942 wanda ya fito a 2011 ya nuna cewa wani motsi guda, inda mutum ke durƙusawa abokinsa ya riƙe masa idon sawu shi kuma ya riƙa sunkuyawa gaba a hankali, ya rage raunin tsokar bayan cinya da fiye da rabi. A Legas, Oluwatoyosi Owoeye ya gwada tsarin ɗumama jiki na FIFA mai suna 11+ a ƙungiyoyi 20 na gasar matasan jihar, ya wallafa a 2014 cewa raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Minti 20 ne, ba ya bukatar komai sai fili da ƙwallo. Lissafin Foster kuwa littafi da biro kawai yake ci. Hasali ma tambayar ɗan wasa ta fi na'ura amfani a inda rayuwa ke da tsauri, domin na'ura ba ta san an kwana a mota ba. Ƙungiyar da ta taso daga Maiduguri zuwa Legas ta hanya ta yi fiye da kilomita 1,500 a zaune, kuma atisayen minti 60 a zafin watan Afrilu ba ɗaya yake da na lokacin hunturu ba, ko da nisan gudun bai canza ba. Barci, abinci, zazzaɓin da bai gama sauka ba, duk suna shiga cikin amsar da yaro zai bayar. Ko azumi an duba: binciken da likitocin FIFA suka yi da matasan Tunisiya a Ramadan na 2006 ya nuna cewa inda aka tsara abinci da barci da lokacin atisaye, gudu da ƙarfin masu azumi ba su ragu wani abin a zo a gani ba.

Raunin wannan hanya ɗaya ne, kuma ba na kimiyya ba ne. Yaro zai yi ƙarya. Ɗan shekara 18 da ke jiran kwantiraginsa na farko, ga iyaye da ƙanne sun zuba masa ido, idan ya fahimci cewa faɗin "ƙafata ta yi nauyi" na nufin zama a benci ranar Lahadi, to kullum amsarsa ita ce lafiya lau. Kocin ma yana da nasa uzurin, don wasa uku a jere ba nasara na iya raba shi da aikinsa, kuma gwiwar da za ta lalace bayan shekara huɗu matsalar wanda zai gaje shi ce. Kocin tawagar ƙasa na samun yaron na kwana goma ne kawai, yana son ya more su. Masu shirya gasa kuwa ƙara wasanni suke yi: gasar zakarun Turai ta faɗaɗa zuwa ƙungiyoyi 36 a 2024, kofin duniya na ƙungiyoyi ya koma 32 a 2025, duk da ƙorafin da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ke yi shekara da shekaru kan yawan mintocin da matasa ke bugawa. A cikin wannan jerin babu wanda ake biya don ya kula da jikin yaron yadda zai kasance yana ɗan shekara 28. Don haka bai dace a bar wa matashi shawarar hutunsa ba, bai kuma dace a bar wa koci shi kaɗai ba. Ya kamata hukumomin gasa su sa iyaka a rubuce kan yawan wasannin da ɗan ƙasa da shekara 21 zai buga a jere, da hutun dole tsakanin kaka da kaka, ƙungiyoyi kuma su ba likitansu ikon cewa a'a ba tare da ya ji tsoron aikinsa ba. Kocin ƙaramar ƙungiya ba sai ya jira wannan ba. Ya sayi littafi, ya tambayi kowane yaro bayan atisaye a keɓe, ya rama wa 'yan benci gudun da suka rasa, kuma kada ya taɓa hukunta wanda ya gaya masa ya gaji.